Cokali Ɗaya na Fulawa

A gidan masu burodi akwai doka guda wadda ba a karyawa. Kowace safiya, kafin a ɗaga ƙofar shago, sai an hau bene da burodin da ya fara fitowa daga tanderu, a dire shi tsakiyar tebur da zafinsa, Inna ta gutsuttsura da hannunta, kowa ya ci rabonsa a gaban idonta. Marigayi mijinta ne ya kafa dokar, wai abin da iyalinsa ba su sa a baki ba, ba zai miƙa wa ɗan wani ba. Shekararsa tara a ƙasa, amma dokar tana nan garau, ta fi wasu masu rai na gidan lafiya.

Cikin waɗanda dokar ta fi lafiya har da Malama, matar babban ɗan Inna, mai koyar da 'yan aji uku a firamaren da ke ƙarshen layi. Shekara biyar tana karɓar rabonta da hannu biyu tana ci, kuma shekara biyar ba ta san ranar da ta wuni daidai ba. Kafin ƙarfe goma cikinta ya kumbura ya yi tauri, har sai ta faki idon yara ta sassauta ɗaurin siket. Kanta ya cika da wani irin hayaƙi, ta tsaya da alli a hannu ta rasa ƙarshen kalmar da ta fara rubutawa, aji na kallonta yana jira. Gwiwoyi su yi ta sara, hanyar banɗaki kuwa ta haddace ta fiye da hanyar ofishin hedimasta.

Kowa a gidan da sunan da ya raɗa wa ciwon. Inna ta ce ciwon 'yan boko ne, wanda ke kama mutum in ya hango aiki. Auta, ƙanwar mijin, ta ce ita dai ta lura ciwon ya san ranar da wanke-wanke ke kan Malama. Shi kuwa mijin, wanda take kira Baban Tsuntsu saboda 'yarsu mai shekara uku da ke tashin gida da surutu tun da sassafe, maganarsa ɗaya ce kullum: ta rage tunani. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba da haushi, don da mugu ne da mutum ya san inda zai kama shi.

A hutun makaranta yayarta ta haihu, Malama ta je ta yi mata kwana goma sha biyu. Gidan Yaya ba masu cin burodi ba ne, shinkafa ce da wake da dankali. A kwana na biyar ta farka ta ji kanta wasai, ta zauna bakin gado tana taɓa cikinta kamar na aro. Ranar da ta koma gida ta ci rabonta a tebur, kafin ƙarfe goma ciki ya koma yadda ya saba. Daga nan ta kafe sai an je asibiti.

Likitar mace ce mai tabarau, ba ta gaggawar magana. Ta sa aka ɗebi jini, aka yi gwajin hanji. Bayan sati biyu suka koma, Malama a kujera, Baban Tsuntsu a tsaye yana duba agogo.

"Abu biyu muka nema," in ji likitar. "Na farko ciwon nan da alkama ke cinye bangon hanji. Babu shi. Na biyu borin jini, irin wanda ke fesa wa mutum ƙuraje ko ya shaƙe shi in ya ci alkama. Shi ma babu."

"Alhamdu lillahi," in ji Baban Tsuntsu, ya miƙa hannu zai karɓi takardar.

"Ban gama ba. Akwai mutanen da ba su da ko ɗaya cikin biyun nan, amma duk da haka alkama na wahalar da su, kuma ciwo ne na gaske. Matsalar ita ce ba mu da gwajin da ke nuna shi. Hanya ɗaya ce. Ta bar duk abin da aka yi da alkama har sati shida, burodi, taliya, biskit, ko da fulawa ce aka kaɗa a miya. Ta riƙa rubuta abin da ta ci da yadda ta ji. In ta samu sauƙi, sai mu mayar mata da ita kaɗan mu gani."

Tun daga "ban gama ba" wayar Baban Tsuntsu ta yi ƙara. Mai kawo musu fulawa ne ya iso da mota, ya fita baranda yana kwatanta masa inda zai sauke buhuna. Don haka da rabin magana ya koma gida, kuma rabin da ya fi masa daɗi ne. Inna ta sa Auta ta karanta mata takardar sau biyu, sannan ta nemo ƙusa ta kafe ta a bangon kicin kusa da kalanda, daidai inda duk mai ɗaukar ashana zai gani.

Washegari aka hau da burodin fari. Inna ta gutsura ta miƙa wa ɗanta, ta miƙa wa Auta, ta ɓantara wa Tsuntsu kaɗan, ta miƙo wa Malama. Malama ta haɗa hannayenta a cinya.

"Ki yi haƙuri, Inna. Likita ta ce in bar shi sati shida a gani."

"Likitar da ta rubuta babu har sau biyu?"

"Ta ce akwai wanda gwaji ba ya nunawa. Ta ce ko fulawa ce a miya, kada in ci."

"Ko cokali ɗaya?"

"Haka ta ce, Inna."

"To, Allah Ya kyauta. Burodin nan shi ya yi wa mijinki makaranta, shi ya gina benen da kike kwana a kai, shi ya kawo ki gidan nan. Yau kuma shi ne guba." Ta juya ga ɗanta. "Kai ba ka da baki ne?"

Baban Tsuntsu ya haɗiye lomarsa da ƙyar. "Ki ci ko kaɗan ne mana, a wuce wurin."

"Kaɗan ɗin ne aka ce in bari."

Gutsuren ya wuni a kan tebur har ya bushe, don Inna ta hana a ɗauke. Haka aka yi washegari, haka aka yi a rana ta uku.

Malama ta sayo ƙaramar tukunya shuɗiya, ta riƙa yin miyarta daban da safe kafin ta tafi makaranta, ta rufe ta ajiye a murhun baya, in ta dawo ta dafa shinkafa ta ci. Ta sayi littafi mai jan bango tana rubuta komai a ciki. Cikin kwana goma matar ta zama wata. Ta riƙa hawa bene da Tsuntsu a kafaɗa suna ƙirga matakala da ƙarfi, ta gama darasi ba ta nemi kujera ba, har wata malama ta tambaye ta ko man shafawa ta canja. Wata rana ta ji dariyarta a kicin ta tsaya tana mamaki, don ta manta yadda take.

Amma a layi magana ba ta kwana. A ɗakin malamai an ga tana ture burodi lokacin shayi, aka tambaya, ta faɗi gaskiya don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Gaskiyar ta fita ta ƙofar makaranta siririya, kafin ta kai bakin shago ta yi ƙiba. Wata mata ta tsaya gaban Baban Tsuntsu da burodi biyu a hannu ta ce, "An ce matar gidan ma ta daina cin naku. Wai me kuke sawa ne?" Ta ajiye ɗaya ta tafi da ɗaya. Ranar ya hau bene fuska a ɗaure, ya shige ɗakin Inna ya turo ƙofa, Malama na jin ƙus-ƙus ɗinsu tana yi wa Tsuntsu wanka.

Abin mamaki, bayan wannan ganawa sai Inna ta sauko. Ta daina barin gutsure a tebur. Wata safiya ma ta tsaya bakin kicin ta ce, "Ki bar tukunyar taki a nan, in lokacin dawowarki ya yi zan ɗumama miki. Mutum ya dawo a gajiye kuma ya tsaya kunna wuta." Malama ta ji ƙwalla ta cika mata ido. A hanyar makaranta ta kira Yaya ta ce ashe Inna mai zuciyar kirki ce, fahimta ce ba ta yi ba da farko.

A sati na huɗu ciwon ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfinsa. Ta buɗe jan littafi ta bi layi-layi da yatsa, ba ta ga alkama ko sau ɗaya ba. Ta ce ko madara ce, ta bar madara. Ta bar wake, ta bar ƙwai, ta bar albasa, ta bar shayi, har abincinta ya koma farar shinkafa da miyar shuɗiyar tukunya, rana da yamma. Miyar ta ɗan yi kauri a 'yan kwanakin, ta ɗauka daɗewa a wuta ce, don tsofaffi ba sa gaggawar sauke tukunya. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, wuyanta ya yi tsawo, ciki kuma ya yi tulu.

"Ga shi dai sati nawa ba ki taɓa burodi ba," in ji Inna a tebur, "ciwo kuma yana nan daram. Wa za a kama yanzu, shinkafa?"

Auta ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Baban Tsuntsu ya zuba ido cikin kofinsa. Malama ta lura kwanan nan ba ya iya haɗa ido da ita, ta ɗauka ya gaji ne da mace mai ciwo, kuma ba ta ga laifinsa ba.

Ranar Asabar da hantsi tana guga a ɗakinsu, ta shimfiɗa bargo a ƙasa, Tsuntsu na gefe tana wasa da murafen gwangwani. Ciki ya murɗa mata irin murɗar da ba ta jira, ta tashi da gudu. Ta tabbata ta ɗaga dutsen gugar ta ɗora a kan kabad, har yau in aka tambaye ta tana ganin hannunta yana yin haka. Ba ta ɗaga ba. Tana banɗaki ta ji ƙarar yarinyar.

Tafin hannun dama na Tsuntsu ya kwanta gaba ɗaya a kan ƙarfen. A asibiti aka naɗe shi har wuyan hannu, yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da suka dawo Malama ta tarar an riga an ɗauke ƙaramar katifar daga ɗakinta, da akwatin kayan yarinyar, har da kofinta na shan ruwa.

"Tana wurina," in ji Inna, "har ki dawo hayyacinki. Yau hannu ne, gobe ban san mene ne ba."

"Inna, 'yata ce."

"Jikata ce. Kuma ba ni na ƙona ta ba."

Malama ta dubi mijinta. Ya ce, "Na ɗan lokaci ne. Ki samu ki huta."

Ta koma ɗakinta ita kaɗai, don ita ma a ranta ta yanke wa kanta hukuncin. Da yamma Inna da kanta ta kawo mata shinkafa da miya har ɗaki, ta ce ta daure ta ci, kada ciwo ya zama biyu. Ta ci tana kuka, ta kuma yi godiya.

Daga ranar safiya ta zame mata abin tsoro. Sai ta farka ta kai hannu inda katifar take ta taɓa siminti, sannan ta ji surutun Tsuntsu ta bango, tana ba Kaka labarin abin da ta yi mafarki. An yarda ta ga 'yarta awa ɗaya bayan la'asar, a falo, Auta na zaune bakin ƙofa a matsayin mai gadi. Baƙin cikin wannan ya fi ciwon cikin zafi, kuma ba littafin da za ta rubuta shi a ciki.

Sati shida suka cika, ta koma asibiti ita kaɗai. Likitar ta karanta jan littafin shafi-shafi, ta cire tabarau ta murza ido.

"Kin tabbata ba abin da ya shiga? Wa ke dafa miki?"

"Ni nake dafa abina da hannuna, likita."

"To in haka ne, ina jin ba alkama ba ce. Damuwa ma tana kama ciki, ga shi kin ce mantuwa ta yi miki yawa. Zan tura ki wurin abokin aikina mai duba damuwa da abin da ya shafi ƙwaƙwalwa. Ba wai ina cewa kin taɓu ba ne, ki fahimce ni."

Wannan "ba wai" ɗin bai hau bene ba. Auta ta karanta takardar, ta tsaya a kan kalmar ƙwaƙwalwa, Inna ta nemo ƙusa ta biyu ta kafe ta ƙarƙashin ta farko. Hedimasta shi ma ya ce ta zauna gida ta huta, ya ba wata ajinta. Yanzu kowa ya haɗu a kan magana ɗaya, gida da asibiti da makaranta, har ita kanta Malama ta shiga sahu. Ta ce tun da mutane da yawa haka ba za su yi kuskure tare ba, to kanta ne ba daidai ba. Ta yanke shawara gobe da safe za ta miƙa hannu biyu ta karɓi burodin fari, ta ba Inna haƙuri a gaban kowa, ko Allah zai sa a mayar mata da katifar. Ta wuni tana jera kalaman ban haƙurin a ranta.

Bayan la'asar aka kawo mata Tsuntsu falo. An kwance bandejin, tafin hannun ya yi ja yana sheƙi, yarinyar na riƙe da shi sama tana wasa da hagu. Ta zo da murafen gwangwaninta da cokalin shayi da ɗan kofin roba mai fulawa a ciki, wadda Kaka ke ba ta ta yi wasa. A gidan masu burodi ba mai tambayar yaro inda ya samo fulawa.

Ta jera murafen a kan tabarma. "Wannan na Baba. Wannan na Kaka. Wannan na Anti." Ta ja wani shuɗin murfi gefe guda. "Wannan na Mama."

Sai ta leƙa hagu, ta leƙa dama, ta ɗebi fulawa a cokali ta zuba a shuɗin murfin, ta juya da sauri, ta ɗora yatsa a baki ta ce, "Shiii."

"Me kika sa wa Mama?" in ji Malama.

"Magani."

"Wa yake sa wa Mama magani?"

"Kaka. Ran nan ma Baba ya sa. Ba a faɗa wa Mama. In an faɗa ba ya aiki."

Yatsan Auta ya tsaya cak a kan waya. Ba ta ɗago kai ba, kuma wannan rashin ɗagowar ne ya gaya wa Malama sauran labarin.

Ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe shuɗiyar tukunya, ta ja cokali a gindinta. A gefe-gefe akwai 'yan ƙananan gudaji farare da ba su narke ba. Ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ya yi danƙo. Shekara biyar a gidan nan, ko ido a rufe ta san fulawa.

Auta ta ruga ta kira yayanta. Ya hau da hannaye fari fat har gwiwar hannu, Inna kuma ta fito daga ɗaki da carbi. Suka same ta tsaye da tukunyar a buɗe, takardu biyu na kaɗawa a bango bayanta.

"Tun yaushe?" in ji Malama.

Inna ba ta ma tsaya musu ba. "Cokali ɗaya ne fa. In ana faɗa sai a ce guba aka ba ki. Abin da duk layin nan ke ci safe da yamma."

"Tun yaushe, Baban Tsuntsu?"

Ya goge hannu a jikin rigarsa. "Tun ranar da matar nan ta yi magana a shago. Gwadawa muka so mu yi. Muka ce a sa miki ba ki sani ba, in sati ya wuce ba ki ji komai ba sai mu gaya miki, hankalinki ya kwanta, kowa ya huta. Wallahi don ke aka yi."

"To ai na ji. Ban yi kwana biyu ba na kwanta, kuna kallo. Me ya hana ku daina?"

"Da ma can ke mai ciwo ce," in ji Inna. "Wa ya san ko fulawar ce?"

"Da kun daina kun gani."

Sai Auta, wadda bakinta kullum ke riga hankalinta fita, ta ce, "Ni fa na ce a daina tun ranar gugar. Inna ta ce in aka daina kika warke, shi ke nan an tabbata burodinmu ne."

Ga maganar dai ta fito fili. Ba rashin sani ba ne, sun sani sarai, kuma sanin ne ya sa ba su daina ba. Sun gwammace su ga mace tana narkewa a gabansu, a ɗauke mata aji, a ɗauke mata 'ya, a liƙa mata hauka a bango da ƙusa, da dai a ce abin da ke fita daga tanderunsu bai karɓi mutum ɗaya ba a duniya.

Malama ta dubi surukarta. Muryarta ba ta ɗaga ba. "Ranar da aka naɗe hannun yarinyar nan, kin kawo mini abinci har ɗaki, Inna. Kin ce in daure in ci. A ranar ma kin sa?"

Inna ta mai da idonta kan kalanda.

"Don Allah a bar maganar nan a cikin gida," in ji Baban Tsuntsu. "Inna ce fa. Tsohuwa ce, sunan Baba take karewa."

"Kai kuma sunan wa kake karewa da ka riƙe cokalin?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta shiga ɗakin Inna ta tattara kayan yarinyar a jaka, ta ɗauki jan littafinta, ta saɓa Tsuntsu a kwankwaso, yarinyar na ƙanƙame da kayan wasanta. Da ta juyo ta tarar Inna ta tare ƙofa.

"Ke kya iya tafiya duk inda kika ga dama. Yarinya ba inda za ta. Ga takarda can a bango, kowa ya san ba ki da cikakken hankali."

"Yanzu ƙarfe biyar, Inna, shago cike yake da masu sayen na yamma. Ko ki matsa in wuce da 'yata, ko in sauka da tukunyar can in buɗe ta a kan teburin shago, in gaya musu abin da ake zuba wa mutum a abinci a gidan nan ba da saninsa ba. Matar nan ta tambaya me kuke sawa. Sai in ba ta amsa."

Inna ta matsa. Abin da ramar surukarta ba ta sa ta yi ba, abin da ƙonannen hannun jikarta bai sa ta yi ba, sunan shago ya sa ta yi shi cikin ƙiftawar ido. Malama ta bi matakalar baya ta sauka, ta tari mota zuwa gidan Yaya.

Washegari da safe an hau da burodin fari kamar kullum, Inna ta gutsuttsura, kowa ya ci, aka ɗaga ƙofar shago. Ga duk wanda ya tambaya, amsar ɗaya ce: matar ba ta da lafiya, ta je gida hutawa, a taya su da addu'a. Da rana Baban Tsuntsu ya aiko saƙo ta waya, wai Inna ta ce in ta dawo ta ba da haƙuri an yafe mata. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya hana ta abinci, hasali ma har ɗaki aka riƙa kai mata. In ta ce za ta kai ƙara, me za ta nuna? Takardun da ke akwai biyu ne, ɗaya ta ce babu, ɗaya ta ce ƙwaƙwalwa, kuma duk suna can kafe a bangon waɗanda suka yi aikin.

Irin wannan ciwo ba ya tafiya rana ɗaya. Kwana biyu a gidan Yaya Malama na kwance a doguwar kujera, ciki a kumbure, kai na sara. Yaya ta ɗora mata miya a wuta da hannunta, ta rantse ba wanda zai kusanci tukunyar, sannan jariri ya yi kuka ta shiga ɗaki ba shi nono. Tsuntsu ta daɗe tsaye tana kallon uwarta, ta taɓa mata goshi da hannun hagu yadda ta ga manya na yi. Can Malama ta ji gidan ya yi tsit, irin shirun da uwa ba ta yarda da shi, sai kuma ta ji ana jan kujera a kicin.

Ta sami Tsuntsu a kan kujerar roba gaban murhu, ta yi ɗage, ɗan kofin wasanta na yashe a ƙasa ba komai a ciki. Hannun daman nan mai ciwo, wanda ko cokali ba ta yarda ta riƙe da shi, shi ne a dunƙule a saman tukunyar, farin gari na zubowa ta tsakanin yatsu. Malama ta cafke wuyan hannun ta sauko da ita.

Tsuntsu ta fashe da kuka tana fizgewa. "Ki bari in sa! Kaka ta ce in ba a sa ba Mama ba za ta warke ba."

Malama ta durƙusa a kan simintin ta rungume ta. Ta nemi abin da za ta gaya wa 'yar shekara uku ta rasa, don duk kalmar da ta zo bakinta sai ta tarar da sunan kakar yarinyar da na ubanta a ciki. Ta jawo roba ta zuba ruwa, ta buɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Fulawar ta jiƙe da gumi ta manne a cikin tabon, ta riƙa wanke ta a hankali don kada sabuwar fatar ta ɗaye, yarinyar na shessheƙa tana tambayarta wa zai ba Mama magani yanzu.